Kwamfuta Ta Nuna P0340: Ina Sensar Kam Take, Kuma Yaya Ake Tabbatar Da Ita Ce Ta Mutu?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah mazaunin Daura da ke zuwa aiki Katsina. Motarsa Toyota Camry ce ta 2005, wadda ake ce wa Big Daddy, mai injin 2.4. Ya ce da safe tana tashi lafiya lau, amma da ta ɗauki zafi sai ta fara fizga, wani lokaci ta mutu a tsakiyar hanya, kuma ba ta yarda ta sake tashi sai ta huta minti 20 ko 30. Fitilar cek injin tana kunne. An sa ta a kwamfuta ta nuna P0340, aka ce masa sensar kam ce, wato 'yar na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota matsayin sandar kam, sandar da ke buɗe bawul ɗin injin. Sau biyu yana saye ana canzawa, amma ba ta sauya zani ba. Yana so ya san inda sensar take ya gan ta da idonsa, da kuma yadda zai gane ko ita ce ko ba ita ba ce.

Malam, sannu da ɗawainiya. Duk wanda mota ta taɓa mutu masa wajen Mashi da tsakar rana a watan Afrilu, ga iyali a ciki, ya san abin da kake ji. Ni aikina wutar mota ne, abin da ake ce wa rewaya, kuma irin wannan matsala tana yawan shigo mana gareji, galibi bayan mai motar ya riga ya kashe kuɗi sau biyu ko uku kamar yadda ka yi.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, kwamfuta ba ta ce maka sensa ta mutu ba. Ma'anar P0340 ita ce ƙwaƙwalwar mota, wadda muke kira birenbos, ta jira saƙo daga sensar kam ba ta samu ba. A injin irin naka, tana rubuta wannan lamba idan ana murza makulli injin yana juyawa amma saƙon bai iso ba, ko kuma injin yana aiki sama da juyi 600 a minti ɗaya saƙon ya ɗauke. Iyakar abin da ta sani ke nan. Kamar ka aiki yaro daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga ne bai dawo da amsa ba: yana iya zama yaron ne ba shi da lafiya, yana iya zama hanya ce a rufe, yana iya zama wanda aka aike shi wurinsa ne ba ya nan. Sensa ita ce yaron, waya da soket su ne hanyar, sandar kam da sarƙar taimin da ke juya ta su ne wanda aka je wurinsa. Wanda ya karanta lamba a kwamfuta ya ce maka je ka sayo sensa, bai yi bincike ba tukuna, ya fara ne kawai ya tsaya a ƙofa.

Bari in yi maka bayanin aikin da take yi, domin daga nan komai zai zo maka da sauƙi. Injin mota yana kammala aikinsa ne a hawa huɗu na fistin: ya ja iska da mai, ya matse su, wuta ta tashi ta tura shi, sannan ya fitar da hayaƙi. Kafin wannan ya cika sai kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a ƙasan injin, ya juya sau biyu, ita kuwa sandar kam da ke buɗe bawul tana juyawa sau ɗaya tak. A injin mai silinda huɗu, fistin na 1 da na 4 tare suke hawa tare suke sauka. To sensar kiranshaf, wadda a Toyota take karanta faranti mai haƙora 34, za ta iya gaya wa birenbos cewa ga 1 da 4 sun iso sama, amma ba za ta iya cewa wanne ne a cikinsu ke matse iska, wanne ne ke fitar da hayaƙi ba. Sensar kam ce ke raba wannan gardama. A jikin sandar kam akwai 'yan haƙora ƙalilan da ke giftawa ta gaban bakin sensar, duk giftawa ta aika saƙo. Da shi birenbos ke sanin koyil ɗin da za ta ba wuta da nozul ɗin da za ta buɗe, a jerin 1, 3, 4, 2. Kuma a injin mai VVT-i irin naka, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul, da wannan saƙo take duba ko sandar kam ta matsa gaba ko baya gwargwadon yadda ta umarta.

Shi ya sa alamomin suke zuwa yadda suke zuwa. Wata motar idan saƙon ya ɓace sai ta daɗe tana juyi kafin ta tashi, domin birenbos lalube take yi har ta dace. Wata ba za ta tashi ba sam. Wata za ta tashi amma ba ƙarfi, ta riƙa fizga, ta sha mai, silo ya ƙi zama. Kowanne kamfani da yadda ya tsara tasa.

Yanzu inda take. Ka buɗe bonet ka tsaya a gaban motar. Injin Camry ɗinka, wanda ake kira 2AZ-FE, a gicciye yake kwance: ɓangaren bel da alteneta yana hannunka na hagu, giyabos yana hannunka na dama. Salansa tana fitowa ta gaba wajen lagireto, iska kuma tana shiga ta baya wajen gilashi. Sensar tana karanta sandar kam ta shigar iska ne, don haka ka neme ta a ƙarshen top silinda, ɓangaren giyabos, ka karkata baya kusa da inda babban tiyon iska ya shiga injin. Baƙar aba ce ƙarama, tsawonta bai wuce babban yatsa ba, noti ɗaya mai lamba 10 ke riƙe da ita, da soket mai waya biyu. Idan ka cire murfin robar da ke saman injin, ka kuma sassauta tiyon iska ka kawar da shi gefe, za ka gan ta da tocila. Kada ka ruɗe da wata aba mai kama da ita a can ɗaya ƙarshen, wajen bel: waccan doguwa ce, bawul ɗin da ke tura baƙin mai zuwa VVT-i ce, ita ma waya biyu gare ta. Na sha ganin an canza ta da sunan sensar kam. Sensar kiranshaf kuma tana can ƙasa kusa da fulin kiranshaf.

Tunda ba kai kaɗai za ka karanta wannan ba, bari in taɓo sauran motocin da suka fi yawa a titunanmu. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Pontiac Vibe na waɗannan shekaru injinsu ɗaya ne, 1ZZ-FE, kuma tasu sensar ma tana ƙarshen top silinda wajen giyabos, sai dai ta gaba, domin su ta gaba iska ke shiga. Corolla daga 2009 mai injin 2ZR-FE guda biyu gare ta, a saman murfin bawul, masu waya uku-uku. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu, wadda muke ce wa Diskoshin, ita ma biyu ne a ƙarshen top silinda, ɗaya ta sandar shiga ɗaya ta sandar fita. Golf 3 mai distiributa kuwa kada ka wahalar da kanka da nema a jikin injin, tana cikin distiributar. Masu V6 su kula da maganar banki: banki na 1 shi ne layin da silinda ta 1 take, kuma a Toyota masu injin gicciye irin su Sienna da Highlander shi ne layin baya, wanda ya fi wuyar kai hannu. P0340 na banki na 1 ne, P0345 na banki na 2, P0365 kuma na sensar sandar fita ne a banki na 1. Mutane da yawa suna canza ta gaba don ita ido ke gani, alhali ta baya ce ke kuka.

To ga yadda nake bin irin motarka idan ta shigo hannuna, kuma ban taɓa farawa da kwance sensa ba.

Batir nake fara aunawa. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 idan mota a kashe take, kuma lokacin da ake murza makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da bolt 10 da wani abin kirki ba. Wannan yana da muhimmanci musamman ga sensa mai waya biyu irin taka, domin ita ba a ba ta wuta, da kanta take haifar da wutarta. A cikinta maganaɗisu ne da siririyar waya da aka nannaɗe, haƙorin ƙarfe na giftawa sai 'yar wuta ta tashi, kuma ƙarfin wutar ya dogara ne da saurin giftawar. Idan batir ya yi sanyi ko kik ya gaji yana jan injin a hankali, saƙon sai ya yi rauni har birenbos ta kasa jin sa, ta rubuta P0340 alhali sensa lafiyarta ƙalau. Bayan nan in tada motar in ga alteneta tana ba da tsakanin bolt 13.5 zuwa 14.5, sannan in juya mita zuwa AC in ɗora a kan batir. Idan na ga ta kai rabin bolt, to diyod ɗin alteneta ya fara lalacewa yana zuba hayaniya cikin wayoyin mota, kuma wannan hayaniya tana iya birkita saƙon sensa. In duba kan batir da wayar at, wato ta nagatif, da ke ɗaure a jikin injin. Duk wannan bai fi minti 10 ba.

Sai soket. A nan nake so ka fi mai da hankali, domin a motar da aka canza wa sensa sau biyu ba ta warke ba, zargina ya fi ƙarfi a kan hanyar da saƙon ke bi. Motarka ta kai shekara 20 a duniya, kuma wannan soket yana manne da top silinda yana gasuwa kullum, ga zafin garinmu da ke haura digiri 40 a bazara. Robar takan bushe ta yi ƙamas, ɗan harshen da ke kulle ta ya karye, sai ka ga soket yana zaune ne kawai ba a kulle ba. Ka zare shi ka haska ciki. Idan ka ga kore-kore ko fari-fari a bakin ƙarafan, ruwa ya shiga, kuma galibi daga wankin injin da famfo mai ƙarfi ne. Idan ka ga baƙin mai a ciki, sensar ta tsage ta ciki tana tsiyayo da mai. Abu na uku shi ne wanda ido ba ya gani: ramukan soket su buɗe su daina kama ƙafafun sensar da kyau, sau da yawa saboda wani ya taɓa cusa bakin mita ko ƙusa a ciki da ƙarfi. Da sanyin safiya suna taɓa juna mota ta tashi. Da ƙarfe ya yi zafi ya saki, ga girgizar hanya, sai su rabu mota ta mutu. Ka ga wannan ya yi daidai da labarin da ka bayar.

Gwajinsa ba ya buƙatar kuɗi. Ka tada motar ka bar ta a silo har fanka ta tashi, sannan ka kama soket ɗin ka girgiza a hankali, ka bi wayar da hannu kana ɗan lanƙwasa ta taƙi bayan taƙi har inda ta shige babban ƙunshin wayoyi. Ka kiyaye hannunka da hannun rigarka daga fanka da bel. Idan ka taɓa wani wuri injin ya yi tuntuɓe ko ya mutu, ka samu ɓarawonka. Waya tana iya karyewa a cikin rigarta, waje yana nan lafiya. Akwai wata Corolla da aka taɓa kawo mini daga wajen Mani, an canza mata sensa har uku da koyil huɗu. Mai ita yana ajiye ta kusa da rumbun hatsi. Da na warware ƙunshin wayoyin a bayan injin sai ga inda ɓera ya gwaguye, saura silin waya biyu ko uku ke riƙe da saƙon. Abin da aikin ya ci bai kai kuɗin koyil ɗaya ba, kuma har yau idan na tuna kuɗin da mutumin nan ya zubar kafin ya iso, raina yana ɓaci.

Idan an gano wayar ce, ka tsaya a gyara ta yadda ya kamata: a yi mata dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, ba a murɗe da hannu a naɗe da salatif ba. Kuma a kula da abu biyu. Wayar sensa mai ƙafa biyu tana da wata rigar ƙarfe saƙaƙƙiya a kewaye da ita da ke kare ta daga hayaniyar koyil da alteneta, kada a yanke ta a yar. Sannan idan za a sa sabon soket, kada a juya wayoyin biyu. Mutane suna ɗauka tunda biyu ne ko ta yaya aka haɗa daidai ne. Ba haka ba ne, idan aka juya su saƙon yana zuwa a kife, lokacin da birenbos ke karanta shi ya goce. Ka tambayi waɗanda suka yi maka aiki a baya ko sun taɓa yanke soket ɗin.

Sai yanzu mu zo kan sensar kanta. Kashe mota, zare soket, juya mita zuwa ma'aunin om, ka ɗora bakunanta biyu a ƙafafun sensar. A littafin Toyota na wannan injin, tana sanyi ya kamata ta nuna tsakanin om 835 zuwa 1,400, tana da zafi kuma tsakanin 1,060 zuwa 1,645. Idan mita ta nuna babu hanya sam, wayar ciki ta tsinke. Idan ta nuna kusan sifiri, ta haɗe. Waɗannan alƙaluma na injinka ne, mai wata motar ya nemi nasa.

Amma ga inda ake yawan faɗawa rami. Motarka tana mutuwa ne da zafi, don haka awon da aka yi da safe a gareji injin yana sanyi ba ya wanke sensa daga zargi. Siririyar wayar da ke cikinta ta fi gashin kai kauri da kaɗan ne kawai, kuma tana iya samun tsagewar da ke haɗewa da sanyi ta buɗe da zafi. Dole a auna ta a cikin halin da take yin laifin. Ni nakan ciro ta in maƙala mata mita, in hura mata iska mai zafi da na'urar busar da gashi ina kallon lambobin. Lafiyayya za ta riƙa hawa a hankali a hankali. Mai ciwo za ta hau, can sai lambar ta yi tsalle ko ta ɓace gaba ɗaya, idan ta huce ta dawo. Kai ma kana iya yin makamancin haka a hanya: ranar da ta mutu, ka jiƙa tsumma da ruwan leda ka ɗora a jikin sensar minti biyu ko uku, ba tare da ruwa ya shiga soket ba, ka gwada tayarwa. Idan ta tashi nan take maimakon jiran rabin awa, ka san wajen da ciwon yake.

Awo na gaba shi ne ko tana haifar da wuta. Soket a zare, mita a kan AC, wani ya murza makulli. Ya kamata ka ga 'yar wuta tana motsi, ko da ba ta kai bolt ɗaya ba. Idan shiru ne ɗif alhali om ya yi daidai, ciro ta ka duba bakinta. Maganaɗisu ne, yana tara garin ƙarfe, kuma a injin da ba a canza wa baƙin mai a kan lokaci za ka tarar da bakin ya yi gemu da baƙin laka. Goge shi da tsumma mai tsabta. Ka leƙa ramin da tocila ka ga haƙoran da ke jikin sandar kam ba su karye ba. Garin ƙarfe mai yawa kuwa wani labari ne daban, yana nufin akwai abin da ke cin kansa a cikin injin.

Masu sensa mai waya uku, ku kada ku auna ta da om, ba za ku samu amsar kirki ba, domin a cikinta akwai ɗan guntun lantarki da sai an ba shi wuta yake aiki. Waya ɗaya ta wuta ce, bolt 5 a wasu motoci, 12 a wasu. Ɗaya ta at ce. Ta ukun ita ce ta saƙo. A kunna makulli ba tare da tayarwa ba, a tabbatar wuta da at suna zuwa soket. Sannan a mayar da soket, a zura siririn fil ta bayansa a wayar saƙo, a zare soket ɗin koyil duka don kada injin ya tashi, a juya kiranshaf a hankali da sifana. Mita za ta riƙa sauka kusa da sifiri tana komawa sama duk lokacin da haƙori ya gifta. Idan ta tsaya wuri ɗaya alhali wuta da at suna nan, sensar ta mutu. Idan kuwa bolt 5 ɗin ne babu, kada a yi saurin yanke wa birenbos hukunci, domin a motoci da yawa sensa fiye da ɗaya ke shan wannan layi, kuma guda ɗaya da ta haɗe tana iya janye wutar kowa. A riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya har wutar ta dawo. Ina roƙon 'yan'uwana masu sana'a da yaranmu da ke koyo, a daina soka fitilar gwaji mai ƙwan wuta a wayar saƙo, a daina jona wutar batir kai tsaye don a ga ko za ta yi. Birenbos da yawa a nan suka ƙone.

Akwai kuma lokacin da sensa gaskiya take faɗa, ba a son ji ne kawai. Idan tare da P0340 ko a maimakonsa ka ga P0341 ko P0016, wannan yana nufin saƙon yana zuwa amma bai dace da na kiranshaf ba. A nan sai a koma kan taimin. Injinka sarƙa gare shi ba bel ba, kuma sarƙa tana miƙewa idan ta tsufa, ko abin da ke ɗame ta ya gaji, ko ta tsallake haƙori, ko kuma an taɓa sauke top silinda aka mayar ba a daidaita maki ba. Alamarta ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙu idan an tada mota da safe. A Accord ɗin nan mai silinda huɗu, wadda ake kiran injinta K24, an san P0341 da wannan sosai, sau da yawa miƙewar sarƙa ce ko ƙarancin baƙin mai, ba sensa ba. P0011 da P0012 kuma suna nuni ga VVT-i: mai ya yi ƙasa, ko ya yi kauri da datti, ko 'yar rariyar da ke tace shi kafin bawul ɗin nan da na ambata ta toshe. Don haka ka zaro sandar awon mai tun kafin ka taɓa komai. Ko sensa goma aka saka, ba za su gyara sarƙar da ta miƙe ba. Mai na'urar da ke zana saƙon kam da na kiranshaf a allo lokaci guda yana iya ganin wannan ba tare da ya kwance injin ba, kuma idan ka samu mai ita a Katsina ko Kano, kuɗin da za ka ba shi ba asara ba ne.

A naka labarin ban fi zargin sarƙa ba, domin sarƙar da ta miƙe ba ta warkewa don an huta minti 30. Abin da zafi ke kawowa sanyi ya ɗauke, wuta ce. Sai dai ina so a raba maka tsakanin sensar kam da wasu abubuwa biyu masu irin wannan hali. Sensar kiranshaf ita ma tana mutuwa da zafi ta farfaɗo da sanyi, kuma a Toyota irin taka wayarta ta komawa a haɗe take da ta sensar kam kafin su shiga birenbos, don haka lahani a wannan mahaɗa yana taɓa su duka biyu. Lambarta P0335. Idan motar ta mutu, a jona kwamfuta a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a murza makulli a kalli juyin injin: idan yana nuna 150 zuwa 250, kiranshaf yana magana, idan sifiri ne, can za a nufa. Na biyu famfon mai ne da ke cikin tanki, wanda shi ma yakan gaji da zafi, musamman ga mai yawo da tanki kusan a bushe. Shi ba ya kawo P0340 da kansa, amma mota tana iya ɗauke da ciwo biyu a lokaci guda. Kuma ka roƙi mai kwamfuta, kafin ya goge lambar, ya buɗe maka bayanin da birenbos ta adana a daidai lokacin da ta rubuta ta: zafin injin nawa ne, juyinsa nawa ne, wutar batir nawa ce. Idan ta rubuta ne a juyi ƙasa da 300, a wajen tayarwa abin ya faru, sai a koma kan batir da kik. Idan a juyi 2,500 ne injin yana da zafi, a kan tafiya saƙon ya yanke.

Saura maganar sensa biyun da ka saya, kuma ita ce ta fi damuna. Kasuwa cike take da sababbin sensa a kwali mai kyau da tambari, waɗanda cikinsu ba komai ba ne. Wata tana aiki mako biyu ta mutu, wata tun daga kwali saƙonta mai rauni ne. Yana yiwuwa ƙwarai taka ta asali ta mutu da gaske, sannan aka maye gurbinta da marasa kyau har sau biyu. Yana kuma yiwuwa ta asalin lafiyarta lau aka cire ta. Shi ya sa nake ce wa kowa, duk abin da aka cire daga motarka ka karɓa ka sa a but. Idan tsohuwar tana nan, kawo ta a auna ta da sanyi da zafi. Idan ta ci jarrabawa, ita za a mayar, domin ta fi waɗannan biyun daraja. Idan dole sai an saya, ni na fi natsuwa da ta asali ta Denso, ko da 'yar Beljiyam ce da aka ciro daga jikin injin, a kan sabuwar da ba a san asalinta ba. Ka je da mita wajen mai kaya, ko a nan Katsina ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ka auna a gabansa, ka gwada lambar da ke jikinta da ta tsohuwar, ku kuma yi sharaɗin canji idan ba ta yi ba.

Wajen ɗaurawa, a shafa ɗan baƙin mai a zoben robar da ke wuyanta, a tura ta da hannu har ta zauna daram kafin a sa noti. Kada a ja ta ciki da ƙarfin noti, kunnenta roba ne yana tsagewa, kuma idan ba ta zauna sosai ba tazarar da ke tsakaninta da haƙoran ta ƙaru, saƙo ya yi rauni. Ɗauri kaɗan ya isa. A tabbatar soket ya yi ƙas, idan harshensa ya karye a canza shi. A goge lambar, sannan a fita da motar ta yi zafi sosai, a kashe ta a sake tayarwa sau uku ko huɗu tana da zafin.

Kafin ka samu zuwa gareji, Malam, ka sa sifana lamba 10 da tocila da tsumma da tsohuwar sensar a motar. Idan ta sake mutuwa, ka gangara gefen titi sosai, ka fara danna soket ɗin ka girgiza wayar ka gwada tayarwa. In ta ƙi, ka sanyaya sensar da jiƙaƙƙen tsumma ka sake gwadawa. Ka lura da wanne ne a cikin biyun ya tashe ta, ka kuma lura ko allurar juyin injin tana ɗan motsi lokacin da kake murza makulli. Waɗannan amsoshi ka riƙo su ka kai wa rewayan da zai duba ta, ka ce masa da zafi kake so a auna. Allah ya kiyaye hanya.